Allon Mararraba da Makullin Mashina

Gara in faɗa da bakina tun maƙwabta ba su riga ni ba: wawan da ke cikin wannan labari ni ne. Akwai wani ɗan mutum mai takobi da ya sha faɗawa rami a cikinsa, amma shi ba a nemi shawararsa ba, babban yatsana ne ke tura shi.

Daga makullin mashina abin ya taso. Ina da 'yar gona a Batagarawa, gero da wake, kuma tun da idona ya daina ganin kafar allura na bar ɗinki, mashin ɗin nan ne ke kai ni yana dawo da ni. Wata safiya da damina na biya ta Ƙofar 'Yandaka, gidan ɗiyata ta fari, na kai mata zogale, daga nan na ce bari in yanke ta sabon titin da aka shimfiɗa ta bayan gari. A sanina, in ka ga wata kuka mai kogo da mai faci a gindinta, sai ka karya hagu. Ashe masu titi sun sare kukar, mai facin kuma ya tashi bai yi mini sallama ba. Na yi ta tafiya ina jiran kuka har mai ya ƙare, a kan hanyar da ko direbobin haya ba su son la'asar ta same su. Wani mai a-kori-kura ne ya kwaso mu, ni da mashin, ya sauke mu a unguwarmu, Ƙofar Kwaya, tsakanin buhunan gawayi, daidai lokacin da mutanen unguwa ke alwalar magariba a bakin masallaci. Kowa ya yi mini sannu da zuwa, har da waɗanda ba mu cika gaisawa ba.

Hajiya, mai ɗakina, ba ta yi faɗa ba. Ta kawo ruwa, ta kawo tuwo, ta ɗauki makullin daga kan tabarma ta ƙulle shi a haɓar zanenta. Daga ranar gona ta koma hannun ɗan ƙodago, ni kuma na koma zaure.

Washegari ɗiyar tawa ta zo. Malamar makaranta ce, tambaya sana'arta ce. Ta tambaye ni ko babu allon nuna hanya a wurin. Na ce akwai, kore shar, girman ƙofar gareji, da kibiya fara. Ta tambaye ni ko na karanta. Na yi mata bayani a natse cewa allo na baƙi ne. Mutumin da aka yanke wa cibiya a birnin Katsina ba ya tsayawa a bakin titi yana haɗa baƙi don a gaya masa inda Batagarawa take. In ka ɓace, mutum kake nema. Ka yi sallama, ka tambayi lafiyar gida da yara da gajiya, shi ma ya tambayi taka, sannan ya nuna maka hanya, wataƙila har ya ba ka ruwa. Allo kuwa, akwai ɗaya a bakin layinmu da ke cewa an haƙa mana rijiyar burtsatse. Har yanzu a wajen 'yan garuwa muke sayen ruwa, allon dai ana shanya tabarma a kansa. Ban gaya mata ɗaya dalilin ba, tunda ta san shi: a aji huɗu na bar boko, kuma Turanci ina karanta shi ne kamar mai tsince tsakuwa a shinkafa, kafin in gama kalma ɗaya mashin ya wuce allon.

A makon ne ta ƙwace na'urar wasan gem ta ɗanta saboda jarrabawa, ta kawo ta ɗakina ajiya, don ta san nan ne kaɗai ba zai yi bincike ba. Abu ne kamar allon karatu ƙarami, da gilashi a tsakiya da madannai a gefe. Na ce ta kunna in ga abin da ke hana yaran zamani cin abinci. Sai ga wata ƙasa da duwatsu da ƙoramu da ciyawa har gwiwa, ba ko akuya ɗaya da ke cinta. Ga ɗan mutum da takobi da jaka a baya. Ta nuna mini madannin tafiya, da na sara, da na yi wa mutane magana. Ta ce aikin farko shi ne a kai shi wani gari da ke bayan dutse, kuma ba wuya, duk mararraba akwai allo.

Allo kuma. Na gyara zama na ce, in na kai yaron nan garin nan ba tare da na karanta allo ko ɗaya ba, to an tabbatar kaina lafiya lau yake, a ba ni makullina. Ta yi dariya ta ce ta yarda.

Tunda mutanen ƙasar da Turanci suke magana, na ɗauki tafinta. Maƙwabcina ne, mutumin Filato, tsohon ma'aikacin gwamnati da ya yi ritaya a nan ya ƙi komawa gida, wai sanyin can ya daina yi masa daɗi. Kullum bayan la'asar yana zaurena, ban da Lahadi. Na gindaya masa sharaɗi: abin da mutum ya faɗa ya fassara mini, abin da allo ya faɗa ya riƙe a cikinsa. Ya ce ai maganar mutanen ma a rubuce take fitowa, ina bambancin? Na yanke hukunci cewa rubutun da ya fito daga baki magana ce. Ya ce ya ji, ya sa tabarau.

Mutanen ƙasar nan ba su da tarbiyya, wannan na fara lura. Ka je gaban mutum, ba sannu ba yaya gida, sai ya hau ba ka labarin kabewarsa. Wani tsoho a bakin gada, na yi masa cikakkiyar gaisuwa da bakina kafin in danna, ya ce ɓeraye sun dame shi. Na jajanta masa, na sake dannawa don mu shiga maganar hanya, ya ce ɓeraye sun dame shi. Na koma washegari, ɓerayen dai. Yaron nawa ma ba a bar shi a baya ba, gidan mutane yake faɗawa kai tsaye har uwar ɗaka, dole ni nake yi masa sallama daga zaure. Hajiya ta amsa sau da yawa daga tsakar gida kafin ta gane ba baƙi ba ne.

A ƙarshe na sami wata mata mai kamala a bakin rijiya. Na ce wannan za ta san gari. Maƙwabcina ya karanta abin da ta ce, ya cire tabarau ya goge, ya mayar.

"Malam, ta ce in garin bayan dutse kake nema, ka je mararraba ka karanta allo."

Na ce ya sake dubawa. Ya sake. Haka ta ce.

Na tafi mararrabar. Hanya uku ce, ga allon a tsakiya, katako mai kyau, irin wanda a nan da tuni an yi benci da shi. Na danna madannin sara. Ya rabu biyu ya faɗi. Maƙwabcina ya ce ko a ma'aikatarsu bai taɓa ganin an amsa takarda da sauri haka ba. Na bi hanyar dama, na zaga, na zaga, na dawo mararrabar, sai ga allon a tsaye sabo fil kamar ba a taɓa shi ba. Wannan ya ƙara mini zargi. Allon da ake gyarawa kafin a kai ƙara, akwai mai cin abinci a bayansa.

Ranar Asabar ɗiyata ta zo duba aiki, ta tarar ina nan a mararraba. Ta zauna ta yi mini darasi. Ta ce waɗanda suka ƙera wasan ba za su iya zama kusa da kowane mai wasa ba, shi ya sa suke kafa allo. Allon shi ne bakinsu. Wani yana nuna gari, wani yana gargaɗi, wani yana koya maka abin da za ka danna, kuma da gangan suke juya fuskarsa ta inda za ka ɓullo, su sa shi a fili inda ido zai faɗa. Ta ce ɗanta tun bai iya karatu sosai ba alluna ne suka koya masa, don yana son ya san abin da ke gaba. Na ce na shekara da shekaru ina ɗinka riguna, ban taɓa liƙa wa riga takarda cewa ta nan ake sa kai ba. Ta ce ai riga ba ta da mararraba. Na ce tana da hannu biyu da wuya. Ta tashi ta shiga wajen uwarta.

Daga nan na ɗauki hanyoyin ɗaya bayan ɗaya. A nan ne na gano maƙwabcina ba ya iya riƙe amana a cikinsa, sai ta fito ta maƙogwaro. Duk lokacin da muka zo wani ƙaramin allo a bakin hanya, ya karanta a zuci, sai ya yi tari. Na fahimci tarin nan fassara ce ta bayan gida, wadda ta saɓa sharaɗi, don haka duk inda ya yi tari nan nake dosa, kada a ce an taimake ni. Na farko rami ne. Yaron ya yi 'yar ƙara ya ɓace, gilashi ya yi baƙi. Na yi salati, na ajiye na'urar, ina tunanin abin da zan gaya wa jikana. Kafin in gama tunani sai ga shi tsaye a gindin wata bishiya, da takobinsa da jakarsa, ko ƙura babu a jikinsa. Na biyu gadar katako ce da ta ruɓe. Na uku wata dabba ce mai kama da bunsuru da aka haɗa da kada, ta bi mu har bakin ruwa, ruwan kuma yaron bai iya shi ba. Akwai wani fili mai furanni da na tsaya sha'awa, furannin suka tashi suka cinye shi. Maƙwabcina ya yi tari a ranar har na aika aka sayo masa citta da kanumfari.

"Malam, don Allah bari in gaya maka wannan ɗaya kawai," in ji shi wata rana. "Kalma biyu ce."

"Riƙe abarka. Mi allo zai hwaɗa mini wanda ban gani da idona?"

Na gani da idona. Dutse ne ya gangaro.

Amma hanya ba ta da yawan da ya fi haƙurin mutumin da aka hana zuwa gona. Duk ramin da na faɗa na san shi, ba na komawa, sai dai in an yi rashin sa'a. A hankali ƙasar nan ta zama kamar unguwarmu: nan ne inda bunsuru ya kore mu, can ne inda furanni suka ci yaro, gaba kaɗan inda na zagi gada. Na shiga ba wa wuraren suna da kaina, ina bi da su. Ana cikin haka gero ya fara fitar da kai a Batagarawa, ɗan ƙodago yana aiko mini da labari ta waya, ni kuma ina jin labarin gonata kamar na gonar wani.

Wata Juma'a bayan an sauko daga masallaci, na zaga ta bayan wani dutse da na sha zagawa, na bi wata 'yar siririyar hanya da na raina a da, sai kiɗa ya canza. Ga ganuwa, ga ƙofa, ga masu gadi biyu. Maƙwabcina ya miƙe tsaye, ya ce wannan ne garin. A bakin ƙofar ma akwai allo. Na wuce shi ban ko kalle shi ba, don a gama da mutunci.

Na sa aka kira ɗiyata, da ma tana cikin gida. Na shiga tsakar gida da na'urar a hannu, maƙwabcina ya tsaya daga bakin zaure a matsayin shaida. Hajiya na zaune kan kujera 'yar tsugunno tana gyaran wake. Ɗiyata ta duba gilashi ta ce gaskiya ne, Baba ya kai. Ta tambayi shaida ko an karanta allo, ya ce ko ɗaya, shi dai maƙogwaronsa ne ya sani.

Sai na yi jawabi, don irin wannan rana ba ta zuwa kullum. Na ce yau an tabbatar a gaban shaidu cewa mai hankali ba ya buƙatar katako ya yi masa jagora. Na ce ƙasar da ban taɓa takawa ba, mai dodanni, mutanenta ba su iya ko gaisuwa ba, na ratsa ta da basirar da Allah ya ba ni, balle Batagarawa da ke nan bayan gida. Na ce kuskure ai makaranta ce, duk ramin da yaron nan ya faɗa ilimi ya ƙaru da shi, kuma ga shi nan tsaye a ƙofar gari lafiya lau. Na miƙa hannu na ce, Hajiya, makulli.

Ba ta ɗago ba. Ta tsince wani wake mai ƙwari ta jefa wa kaji.

"Malam, shi wancan in ya hwaɗa rami, tashi yake a gindin bishiya. Kai in ka hwaɗa, ni za ni yi takaba."