Murfin Langar da Ya Ceci Garmahonmu

Wata Laraba da hantsi, shekarar da na shiga aji biyar, ana tsaka da ɗinke buhunan albasar da aka kwaso daga gonarmu ta hanyar Aliero, Baba ya fito da garmahonmu ya dire shi tsakar gida, ya ce gobe 'yan gwangwan za su ɗauke shi. Tun da mai gyaran rediyo a kasuwar Jega ya sauya masa injin da ke juya faifai, sai ya tsiri wani ƙugi kamar na zuma a amya. Da allura ta matsa tsakiya, kusa da injin, ƙugin sai ya haɗiye waƙar ɗungurungum.

Ranar na ji haushin Baba ƙwarai, domin ba shi zai yi asara ba. Kakata, wadda idanunta suka daina gani, ba ta da abokin hira sai wani tsohon faifan waƙar noma da marigayi mijinta ya bari. Ni nake ɗora mata shi kullum bayan na gama shara da wanke-wanke, ta zauna bakin rumbu tana kaɗa ƙafa.

A lokacin ina da wani mayen ƙarfe da na ciro daga matacciyar rediyo, ina jan sa cikin yashi yana tattaro mini ƙusoshi. Na daɗe da lura cewa ta bayan ƙwarya yana jan allurar ɗinki, ta bayan tukunyar dalma ma haka, amma idan na rufe shi a ɓoye cikin langar Kaka sai allurar ta yi kwance abinta. Mai gyara kuwa ya taɓa cewa mayen ƙarfen cikin injin ne ke damun kan allurar garmahon. Sai na daure na ce a kifa wa injin murfin langa. Yayyena suka fashe da dariya, Baba ya ce, "Mi kika sani, ke da ko tuwo ba ki iya tuƙawa ba?" Kaka ta lalubo murfin langar da ta zo da ita gidan aure, wadda ko taɓawa ba a yi, ta miƙo. "Ku bar ɗiyag ga ta gwada."

Na ruga wurin Kawu Sani maƙeri, ya huda tsakiyar murfin, ya daddatse gefensa har ya zauna daidai kan injin. Muka mayar da farantin da faifai ke zama a kai, na ɗora faifai. Allura ta kama tafiya, ta wuce rabi, ta isa inda ƙugin ya saba tasowa. Shiru, sai gangar noma tsaf da muryar mawaƙi garau. Masu ɗinkin buhu suka saki basilla. Kaka ta rangaɗa guɗa, Baba ya sosa ƙeya ya ce, "To, a mai da shi ɗaki." Kwana uku ina tafiya kamar ni na ƙera garmahon, yayyena kuwa ba wanda ya sake kallona da dariya.

Yau waƙa dubu na cikin wayata, babu ƙugi babu ƙura, amma ba wadda take sa ni in zauna in saurara kamar waccan. Kaka ta ƙara damina huɗu tana kaɗa ƙafa bakin rumbu kafin Allah ya karɓi abinsa. Langarta tana ɗakina har gobe, kuma ban taɓa nema mata wani murfi ba.