Ranar da Na Yi wa Dattijo Gyara a Bainar Jama'a

Ko na tsufa ba na jin zan manta da gyaran farko da na tura wa wata manhajar kyauta, irin wadda kowa ke iya buɗe cikinta ya sa hannu. Lokacin ina taya yayana aiki a shagonsa na buga katin biki a unguwar Shahuci, manhajar kuwa kullum sai ta yanke gefen kati, masu biki suna ta mita. Na bi rubutun da ke cikinta layi-layi har na gano kuskuren. Murna ta kama ni, sai kuma na ga wanda ya rubuta wurin: shugaban aikin manhajar ne da kansa, dattijon da ya fara shi tun ban san kwamfuta ba.

Ƙa'idarsu, gyara ta imel ake tura shi zuwa zauren da duk masu aikin ke karantawa. Ni kuwa 'yar Madabo ce, unguwar malamai. A gidanmu ko Baba ya yi tuntuɓe a karatu, sai baƙi sun watse ake raɗa masa. Don haka na tura wa dattijon shi kaɗai, na zuba gaisuwa har da tambayar iyali, na yi ta ba da haƙuri, gyaran yana can ƙasa a maƙale.

Amsarsa gajeriya ce: "Tura wa zaure, rubutu zalla, gyaran a cikin saƙon. Faɗi abin da ya lalace da dalili."

Na yi ta jan ƙafa, ban tura ba. Yayana ya leƙo ya karanta, ya kwashe da dariya.

"Malama, mutum da bakinsa ya ce ki kwance masa zani a kasuwa, ke ina ruwanki?"

"Yaya, sa'an Baba ne fa!"

"To ai shi ya aike ki."

Na yi bisimilla na tura. Washegari amsoshi suka shigo. Wani ya ce in gyara taken saƙon in sake turawa, na gyara. Wata daga wata ƙasa ta ce matsalar ta daɗe tana cinye mata takarda, ta gwada nawa ya yi. Sai ga dattijon, a gaban kowa: "Kuskurena ne. An karɓa, na gode."

Ihun da na yi, sai da telan da ke kusa da mu ya baro kekensa da gudu. Wallahi ranar ko abinci na kasa ci don daɗi.

Tun daga nan na gane kowane zaure da irin ladabinsa, kuma sai ka koya kafin ka shiga. Akwai inda girmama babba shi ne ka faɗa masa gaskiya a fili, a taƙaice, don kowa ya amfana.