Kakata Ba Ta Ga Fim Ɗinta Ba

A lokacin da abin nan ya faru ni saurayi ne mai ɗaukar hoto a Talata Mafara, ga rawar kai, ga son a ce na iya. Kakata ta wajen uba tana zaune a Maradun. Asalinta daga wani ƙauye ne da ruwan madatsar Bakolori ya shanye tun tana da ƙarfinta, kuma ba ta da hira sai ta garin nan. Mijinta take kirana, irin wasan kaka da jika, kullum tana cewa ta yi rashin sa'ar miji marowaci. Wata rana na kafa mata kyamara, ta kwashe yini tana zayyana inda rijiyarsu take, da tsamiyar bakin masallaci, da sunayen maƙwabtan da suka watse. Na yi mata alkawarin zan haɗa hirar nan da hotunan ruwan su zama fim, a tara dangi ta kalli kanta a bango.

Da aka sayar da albasar shekarar sai mahaifina ya ba ni rabona, na tafi Sakkwato sayen kwamfuta. Mai shagon ya tambaye ni aikin da zan yi da ita, na faɗa masa. Ya fito da wata baƙa mai kauri, duk ta goge a gefe, ya ce wannan ce ke da ƙwaƙwalwa mai sauri da isasshen ram, wato abin da ke riƙe mata aikin da take kai. Ni kuwa idona yana kan wata siririya mai ƙyalli. Ya ce wannan rubutu kawai za ta iya, bidiyo zai fi ƙarfinta. Na ɗauka so yake ya liƙa mini kwantai. Gaskiyar magana, majalisar abokai nake hangowa, da yadda za a riƙa shafa ta.

An kuwa shafa ta. Amma ranar da na ɗora mata hirar kakata sai ta tsaya cak, ɗan zobe yana ta juyawa a fuskarta, ta yi zafi kamar tukunyar da aka sauke. In kashe in kunna, gobe ma haka. Ina da aboki a Bakura mai irin baƙar nan da na raina, amma na riga na yi masa dariya a gaban mutane, girman kai ya hana ni zuwa.

Duk wanda ya zo cin kasuwar Talata daga Maradun sai ya kawo mini saƙonta, wai mijinta ya ci amanarta ko kuwa akwatin ne ya haɗiye ta. Ni kuma in ce rashin wuta ne. Da na je gaishe ta ta roƙe ni ko a waya in nuna mata yadda ta fito. Na hana. Na ce ta bari sai ya kammala da sunana a jiki. Ta yi dariya ta ce in dai yi sauri, baƙon da take jira ba ya aiko da sanarwa.

Kafin a yanke shinkafa Allah ya karɓi abinsa. Bayan sadakar bakwai na ɗauki ƙafa na tafi Bakura, kaina a ƙasa. Abokina ya miƙo mini kwamfutarsa. Tsakanin azahar da la'asar aikin ya ƙare. Wallahi saurin nan ya fi komai ƙona mini rai. Dangi sun taru sun kalla, ana ta kuka ana sa mini albarka, ni kuwa kunya ta hana ni ɗaga ido.

Mai karatu, in za ka sayi kwamfuta, fara da faɗin aikin da za ka yi, ka tambayi ƙarfin ƙwaƙwalwarta da yawan ram ɗinta, ka bar ƙyallin jiki. In kuma ka yi kuskure, nemi taimako tun mai jiranka yana raye. Fim ɗin yana nan da sunana a jiki kamar yadda na so, amma har yau ban iya kallonsa zuwa ƙarshe ba.