Ramar Barsu

A gidanmu na ƙauye, can gindin duwatsun Doguwa, ba a kashe wutar murhu don an sauke tuwo. Iya, kakarmu ta wajen uba, takan ja 'yar kujerarta kusa da garwashi, ta tura gyaɗa cikin toka, mu kuwa mu kewaye ta muna ture-ture. Lokacin Turawa ba su tafi ba, ni ma ƙaramin tulu kawai nake iya ɗauka.

Akwai shekarar da dawarmu ta yi kyau ƙwarai, amma birai suka sa ta gaba. Garke guda suke saukowa daga dutse. Mai korarsu shi ne Barsu, karen Baba, wanda yake yini yana zagaya gona tun hantsi har faɗuwar rana. Ana nan sai Barsu ya lalace. Ya ɗan taɓa gudu sai ya kwanta yana haki, birai na karya zangarniya a kan idonsa. Abincinmu na shekara ke tafiya. Baba ya ce lalaci ne ya kama karen, har ya fara zancen korarsa.

Iya ta gane inda matsalar take. To amma Baba ɗan farinta ne, ko sunansa ba ta faɗa, balle ta zaunar da shi ta yi masa faɗa. Ran nan bayan magariba yana bakin turakarsa yana gyaran ƙotar lauje, sai muka ji ta ɗaga murya fiye da kullum.

"Ga wata nan tafe, ku ba ta hanya."

Muka ce, "Ta shigo, Iya!"

Wai an yi wani maharbi mai kare, in ji ta, karen da ba zomon da ke tsere masa. Maharbin nan ya cinye nama shi da iyalinsa, kare kuwa a dama masa dusa da ruwa. Yau da gobe ƙarfi ya ƙare. Wata rana suka tayar da zomo, kare ya bi shi da kyar. Zomo ya yi gudu ya tsaya, ya sake yi ya tsaya, daga baya ya hau kan suri ya harɗe ƙafa. Nan Iya ta maƙale murya ta zama zomo.

"Haba maharbi, ai sai ka ba ni kunya a dawa! Wannan ne zai kama ni? Dubi haƙarƙarinsa, daga nan nake ganinsu a jere. Dubi gashinsa ya bushe yana zuba. Ɗaga leɓensa ka ga dasashi, fari fat. Yana tafe yana lasar ƙasa. Kai ma a ba ka dusa mu ga gudunka!"

Muka yi ta dariya har ƙanena ya faɗa kan tabarma. Maharbi dai ya koma gida jiki a sanyaye. Ya hutar da karensa, ya riƙa jiƙa masa tuwo da nono, ya dafa masa kayan ciki da ƙashi ya zuba romo, ya ajiye masa ruwa mai kyau a inuwa. "Kaɗan-kaɗan fa," Iya ta ce tana kaɗa yatsa, "safe da yamma. Cikin da ya daɗe da yunwa ba a cika shi rana ɗaya." Da suka sake haɗuwa, zomo bai samu damar hawa suri ba. Da kyar ya faɗa rami, ya bar rabin wutsiyarsa a bakin kare, shi ya sa har yau take guntuwa.

"Nan ta sauka, wanda ya ji ya ji."

Iya ta koma tono gyaɗa daga toka. Can sai Baba ya fashe da dariya. "Iya, wannan zomon naki ya san gidanmu."

Ko kallonsa ba ta yi ba. Ta ce mana, "Ku gaya wa mai magana, ni da jikokina nake hira."

Washegari na ga Baba durƙushe yana ɗaga leɓen Barsu. Ya je ruga ya samo tsala, ranar kasuwa ya biya wajen mahauta. Innarmu ta ware wani tsohon kasko don ƙanzo. Baba da kansa ya tsare gona yana jifa da majajjawa, kare na kwance yana ci. Kafin a yanke dawa gashin Barsu ya kwanta yana sheƙi, haushinsa na amsawa a dutse. Ranar da ya kori wani ƙaton biri har ya yar da zangarniyar da ya ɗauka, da waƙa muka dawo gida. Rumbunmu ya cika.

Na daɗe ina ɗaukar labarin nan na zomo da kare ne kawai. Sai da na yi aure a Kiru, na haifi nawa, na riƙe na wasu, sannan na fahimci abin da tsohuwar ta koya mana. Mai aiki da ba ya iya faɗin damuwarsa, jikinsa yake faɗa, in akwai mai dubawa. Sau da yawa an kawo mini ƙarar yaro wai ya cika son jiki, ba ya karatu, ba ya aike. Ban taɓa fara neman bulala ba. Nakan jawo shi in dubi idonsa da gashinsa, in ce, "Zo nan, ɗan nan. Me ka ci yau?"