Watan Da Kaka Ta Jira

Akwai wani makanike a bayan gidanmu nan Durumi, kullum da safe sai ya buga ƙarfen tayar mota. Da na ji sai in kasa zama, don irin wannan ƙarfen aka rataya a bishiyar makarantar da ban shiga ba.

Ku da kuka tashi kuka ga kwalta ba za ku gane ba. Lokacin nan duk daji ne da gonakin doya. Ƙauyenmu yana gaba da Tungan Maje, ni da Kaka muke zaune, uwar babana, shi yana can wajen haƙar kuza. Bayan an gama casar dawa wani malamin makaranta ya zo a keke yana rubuta yara. Ya sa na ɗora hannu bisa kai na taɓo kunnena, ya ce na isa. Ya karanta takarda da Turanci, sannan ya ce wa Kaka ta kawo ni ɗaya ga wata mai kamawa, kada ta wuce.

Kaka ba ta taɓa saɓa rana ba. Suna, kasuwa, azumi, ita ake tambaya a unguwa. Watanta yana sama, ta san kwanansa kamar yadda ta san awakinta. Ta ce saura kwana goma sha tara, ta saya min yadi, ta ɗinka riga da hannu.

Ni kuwa ƙafata ba ta zauna ba. In je rafi in dawo ba ruwa, in ƙona tuwo. Wata safiya na ga 'yar maƙwabtanmu Gwarawa, sa'ata, ta fito da farin allo tana bin babanta. Na ruga na gaya wa Kaka an fara. Ko ɗago kai ba ta yi daga kaɗin audugarta ba.

“Su 'yan coci ne, lissafinsu daban. Ke kin ga wata ya tsaya? Zauna, uwar gaggawa.”

Kullum yarinyar nan ta dawo tana rera baƙaƙe, ni ina leƙe ta katangar zana. Na sake magana, Kaka ta ce malami da bakinsa ya ce ɗaya ga wata, ita ba za ta kai jikarta a ce sun zo roƙo tun kafin lokaci ba.

Da wata ya tsaya, washegari muka kama hanya, rigar tana ƙanshin sabon yadi. Mun iske hedimasta a bakin aji. Ya duba littafinsa ya ce an rufe rajista kwana goma sha ɗaya da suka wuce, benci ya cika. Ya nuna mata kalanda a bango. Kaka ta dubi takardar nan sama da ƙasa.

“Ɗana, wannan watan naka wa ya gan shi?”

Ya yi dariya, ba ta mugunta ba, ya ce a dawo baɗi. Baɗin na yi tsawo kamar dawa, suka ce na wuce.

Ranar nan ni da Kaka muka kama hanyar komawa. Sai ta saya min rake. Har ta rasu tana cewa su suka saɓa, ni kuma ban taɓa ce mata a'a ba. Me zan ce? Ba ta yi kuskure ko na kwana ɗaya ba.

Sai da na aurar da 'ya'ya uku na shiga yaƙi da jahilci. Abin da na fara cewa a koya min ba sunana ba ne, kalanda ce. Yanzu in likita ya ce in dawo nan da sati biyu, sai in ce oga, rubuta ranar da lamba, da yau a ciki ko babu? Jikokina kunya suke ji, suna cewa Hajiya kin cika naci. Su ji.

Gonakinmu duk sun zama katanga da mai gadi. Fitilun titi sun cinye sama, watan ma a waya ake sanarwa ya tsaya. Na iya karanta kwanan wata yanzu, tsaf. Amma ka tambaye ni yau kwana nawa ga watan sama, sai na tambayi wani.