Ranar da Aka Ce Iya Ta Tsallake Ni

Shekaranjiya da hantsi na bi ta bayan wani gida a nan Rogo, na tarar da magina suna kwaɓa laka za su yaɓe katanga, wani ya juye toka a ciki. Ƙamshin ɗanyar laka da toka ya shiga hancina, sai na tsaya cik a tsakiyar hanya, har mai acaɓa ya yi mini tsawa. Mai karatu, ka yi haƙuri da ni, ba ni da gaggawa a magana. Abin da wannan ƙamshi ya tono mini ya daɗe a binne, ina so kuma in faɗe shi yadda ya faru.

A wani ƙauye kusa da Zoza na tashi, a hannun kakannina. Mahaifina ya rasu ina goye, mahaifiyata kuma ta yi wani auren a Karaye. Kakana malami ne kuma manomi. A zaurensa na yi karatu, a wajensa na koyi ajami, har ya zama in wani ya zo a rubuta masa wasiƙa ni ake miƙa wa alƙalami. Kakata mace ce mai tattali, ba ta zubar da ko ruwan wankin hatsi. Sai baffana, ƙanen mahaifina, mutumin kirki, amma mai saurin ɗaukar magana.

Katanga ɗaya ce tsakaninmu da wata tsohuwa da kowa yake ce wa Iya. Aure ne ya kawo ta garin daga nesa. Mijin ya rasu, 'ya'yan da ta haifa kuma babu wanda ya rayu. Da ɓarar gyaɗa take ci. In kaka ta yi, an tuge gyaɗa an shanya, gida-gida ake kiranta, ta miƙe ƙafafu a tsakar gida da ƙwarya a cinya, in ta tashi a sallame ta da kwanon dawa ko gero. Kafin ka gan ta za ka ji ta: ƙas, ƙas, ƙas, ba sauri ba tsayawa. In na shigo daga zaure sai ta ɗago kai ta ce, "Maigidana, ka dawo? Ina cefane?" In ce, "Ai na sake ki, Iya, ba ki da haƙori." Ta ce, "Saki na nawa ke nan? Ni dai ba inda za ni."

Akwai wani aiki da kakata ba ta yarda kowa ya yi mata sai Iya, wato ajiyar iri. Iya za ta tsince manyan ƙwayoyi masu lafiya ɗaya bayan ɗaya, ta cuɗa su da toka saboda ƙwari, ta ɗura a wani babban tulu. Sai ta kifa sakaina a bakinsa, ta kwaɓa laka da toka ta liƙe, ta yi bismilla ta danna babban yatsanta a tsakiya. Daga nan tulun ya shiga ƙuryar ɗakin kakata, ba mai taɓa shi sai ruwan shuka ya sauka. Gonar gyaɗar gidanmu ta baɗi gaba ɗaya tana cikin wannan tulu.

Bazarar da na cika shekara goma sha huɗu, ni da tsaranmu mun tsiri haɗuwa a gindin wata ɗorawa a bakin fadama bayan la'asar. Kowa yana zuwa da abin taɓawa, wannan rogo, wancan ƙuli-ƙuli. Ni kaɗai nake zuwa hannu biyu. Wata rana wani ya ce, "Ku bar jikan malam, shi addu'a yake kawowa." Aka yi dariya, na yi tare da su, amma ta zauna mini a ƙirji.

Washegari da tsakar rana, kakata ta tafi barka, na shiga ƙuryar ɗakin da ruwa a moɗa. Na jiƙa lakar har ta yi laushi, na ɗaga sakainar, na ɗebi tafi biyu. Na mayar, na shafe, na danna babban yatsana a tsakiya kamar yadda na ga ana yi. Muka gasa a bakin fadama, ranar nan ba wanda ya kira ni jikan malam. Na ce sau ɗaya ne. Na koma, na sake komawa. Da farko yatsuna kawai nake zurawa in taɓo gyaɗa. Ranar da na ga hannuna ya shige har gwiwa kafin in taɓo ta, sai na daina. Amma an riga an gama.

Ruwan shuka ya sauka. Kakata ta sa aka fito da tulun tsakar gida, ta duba bakin, a liƙe yake, ga shaidar yatsa. Ta fasa ta juye a tabarma. Abin da ya zubo bai kai rabi ba. Aka juya tulun aka duba gindinsa, ba huda, ba ɓarnar ɓera, ba gara. Ina tsaye a wurin, Iya ma ta shigo tana kallo. Kakata ta ce, "Innalillahi, wannan wane irin abu ne?" Na ji bakina ya ce, "Ikon Allah."

Kafin mako ya zagayo magana ta yi ƙafa. Wata ta tuna ranar da ake ɗura irin ta ji Iya ta yaba shi ba ta ce masha Allah ba. Wata ta ce ku lura, 'ya'yanta ko ɗaya bai rayu ba. Wani ya ce dama ba a san asalinta ba. A haka aka kai ga kalmar da ba na son rubutawa har yau: mayya. Kakana ya yi faɗa, ya ce kada ya ƙara jin wannan a gidansa. Aka daina faɗa a gidansa, aka ci gaba a bakin rijiya. Mata suka daina aika mata da abinci. In ta fito, uwaye su janye yaransu cikin gida.

Kakata dai ba ta daina ba, sai dai ta koma yi a ɓoye, kuma ni take ba kwanon tuwon in zaga da shi. In na yi sallama sai in tarar da Iya zaune a bakin ƙofa, hannuwanta a cinya ba abin yi. Ta ce, "Yau kam maigida ya yi cefane." In dire kwanon in fito da sauri, ban iya kallon idonta.

A lokacin ne na fara jin ƙarar. Da tsakar rana, sa'ad da gari ya yi tsit kowa ya kishingiɗa, sai in ji ƙas, ƙas, ƙas daga ƙuryar ɗakin kakata, inda aka mayar da tulun. Damina ce, ba mai ɓarar gyaɗa a garin nan kaf. Na leƙa, ba kowa. Na leƙa ta katanga, Iya tana barci. Na tambayi kakata ko tana jin wani abu, ta ce ita dai kukan kurciya take ji. Daga baya ƙarar ta riƙa bina har gona. In na sunkuya ina noma sai in ji ta a bayana, in na miƙe ta yi shiru. Na karanta duk abin da na haddace, ba ta bari ba.

Sai na yi wata dabara irin ta yaron da ya tashi a zauren malam. Na saba ganin marasa lafiya suna zuwa a yi musu rubutu a allo, a wanke su sha. Na ce to, ni ma bari in yi wa kaina. In zaure ya watse sai in ɗauki allona in rubuta da ajami, "Ni ne na ɗebi irin gyaɗa, ba Iya ba," in bi shi da istigfari, in wanke a ƙoƙo in shanye. A tunanina na faɗi gaskiya ke nan, tunda na rubuta ta, kuma za ta shiga ciki ta wanke ni. Kullum sai na yi. Tawada ta ƙare na dafa wata. Ƙarar tana nan, abinci kuma ya daina shiga. Na rame har wuyana ya fito, zazzaɓi ya kwantar da ni. An ce a cikin zafin jikin ba abin da nake ambata sai "Iya, Iya."

Mai karatu, in ka san mutanenmu ka san abin da wannan yake nufi a wurinsu. Mara lafiya ya kira suna, to ga wadda ta kama kurwarsa. Kakana kuwa ya tafi Unguwar Hajji ta'aziyyar wani abokin karatunsa, zai kwana uku. Baffana ya ce ba zai zauna yana kallo ɗan yayansa ya mutu ba. Bayan azahar aka shimfiɗa ni a tabarma a tsakar gida, aka je aka taho da Iya. Abin da ake yi shi ne, wadda ake zargi ta tsallake mara lafiya sau uku, wai ta saki kurwarsa. Wadda ta tsallake kuwa ta amsa sunan ke nan, ita da shi har kabari.

Gidan ya cika da mata, maza suna zaure. Kakata tana bakin ɗakinta tana kuka tana cewa a jira malam. Iya ta shigo ko mayafi ba a bari ta ɗauka ba. Ba ta yi musu ba, ba ta yi rantsuwa ba. Ta tsaya a gefena ta dube ni, ta ce a hankali, "Maigida, kwanta abinka, ba zan taka ka ba."

Ta tattare zaninta ta ɗaga ƙafa. Na ga dunduniyarta a kusa da fuskata, duk kaushi. Ban san sa'ad da na kama idon sawunta da hannu biyu ba. Na ce, "Ni ne." Na sake faɗa da ƙarfi, "Ni ne na ɗebi irin. Ni nake jiƙa lakar in buɗe in mayar. Mun gasa a gindin ɗorawa, ku tambayi yara."

Baffana ya ce, "Kun ji ko? Ita ce take magana da bakinsa." Wasu suka fara gyaɗa kai. Sai kakata ta miƙe ta shiga ɗaki. Na gaya maka ba ta zubar da komai. Ta fito da ɓallin busasshiyar lakar da ta fasa daga bakin tulun, ta durƙusa, ta kama babban yatsana ta sa a ramin. Ya zauna daram. Ta kama na Iya, wanda shekarun ɓara suka baje shi ya yi faɗi, ko rabinsa bai shiga ba.

Iya ta ce, "Tun ranar da aka fasa na gani."

Kakata ta ce, "Haba Iya, me ya hana ki faɗa?"

Ta ce, "Uwar gida, in na ambaci sunan yaron nan da bakina, me za ku ce na yi masa?"

Mata suka riƙa zamewa ɗaya-ɗaya. Baffana ya cire hularsa ya riƙe, ya rasa inda zai sa ido. Iya ta zauna a bakin tabarmar ta taɓa goshina, ta ce wa kakata, "A dama masa kunu, yunwa ce take cinsa."

Da kakana ya dawo bai dake ni ba, da ya dake ni ma da ya fi mini sauƙi. Na gaya masa komai har da rubutun da nake sha. Ya daɗe yana jan carbi, sannan ya ce, "Wadda ka cuta ba a cikinka take ba, ɗan nan. Tana bayan katangar can." Da na samu ƙarfi ya tsayar da ni a ƙofar masallaci bayan la'asar, na maimaita abin da na yi a gaban kowa. Daminar nan ni na nome wa Iya 'yar gonarta, baffana ya kama mini ba tare da an ce ya yi ba. Ban ƙara jin ƙarar nan ba. Na ɗauka zuciyata ce kawai, sai bayan shekaru kakata ta ce mini ita ma ta ji ta sau biyu, tsoro ne ya sa ta ce kurciya. Allah ne masanin abin da yake ɓoye.

Ba zan ce maka komai ya koma daidai ba. Da kaka ta yi gidaje da yawa sun sake kiran Iya ɓara, amma akwai waɗanda har ta bar duniya in ta gifta sai sun ja yaransu. Shekara uku ta ƙara. Ina cikin waɗanda suka ɗauki makararta, ba ta da nauyi ko kaɗan. Allah ya jiƙanta, ya jiƙan kakannina, ya yafe mana.

Yanzu inji ne yake ɓarar gyaɗa, buhu goma kafin ka gama gaisawa da mai shi. Iri kuwa a kasuwa ake saye, a ƙulle cikin leda, an rine shi da magani ja don kada a ci. Ƙauyenmu ya samu makaranta, kowane saurayi da waya a aljihu. Na ɗauka wancan zamanin ya wuce da kayansa. Kwanan baya 'yata ta miƙo mini wayarta, ta ce, "Baba, dubi abin da aka turo." Wani gari ne ban san shi ba. An kewaye wata tsohuwa, ana ihu ana nuna ta da yatsa. Na ce ta tsayar mini da hoton, na sa tabarau. Ta zaci tsohuwar nake kallo. Yaran da suke tsaye a bayan taron nake bi ɗaya bayan ɗaya, ina neman wanda ya sunkuyar da kai.