Ranar da Maigidana Ya Yi wa Bature Tafinta

Shekara biyar maigidana ya yi a wani ofishin hukuma a Sinnar ta ƙasar Sudan, shekara biyar kuma ina shan mita. Aikinsa buga hatimi ne. A kawo takarda ya buga, a ɗauke. Da hantsi mudir, shugaban ofis ɗin, ya aike shi sayo ful, dafaffen waken nan, a ci, a kora da shayi, sai kuma a zauna gadin agogo. Ran Alhamis ya dawo ƙauyenmu kusa da Abu Hujar yana washe baki. Asabar da safe kuwa sai ka rantse wurin makoki za shi.

So yake ya ajiye aikin ya koma gonar bakin kogi, amma wa zai faɗa wa? Shi ne ɗan fari. Baba, surukina, ko sunansa bai taɓa kamawa ba, sai dai ya ce "wancan". In suna da magana sai ta bi ta bakin Inna, ita kuma ta rantse ba da bakinta za a ji wannan ba. Duk garin ana yi wa Baba barka da samun ɗa muwazzaf, ma'aikacin gwamnati. Ni ma ba zan wanke kaina ba, ina jin daɗin a ce da ni matar muwazzaf a gidan biki.

Wata Juma'a ƙanen Baba da ya dawo daga Jidda ya fito da injin bidiyo. Bayan la'asar aka tada janareto, aka jera gadaje a rumfa, maza a gaba, mu mata a baya. Fim ɗin barkwanci ne na Turawa, wani ma'aikacin ofis da ya tsani aikinsa. Akwai fassarar Larabci a ƙasa, amma gudu take, idon tsofaffi ba ya cim mata. Sai ƙanen Baba ya dubi maigidana ya ce, "Kai da ka yi boko, tashi ka juya mana da Hausa."

Da farko ya riƙe amana. Abin da Bature ya ce shi yake faɗa. Amma da aka zo inda shugaban ya tsaya a kan Baturen yana zuba masa takardu, sai na ji muryar maigidana ta canza.

"Ya ce wallahi ya gaji. Ya ce fankar ofis ɗin nan tun bara ba ta juyawa."

Na duba rubutun. Babu fanka, babu dalilinta. Kai, mutumin nan!

"Ya ce shi ba ɗan aike ba ne da kullum za a miƙa masa kwano ya sayo ful."

'Yan matan gidan da ke karanta Larabcin suka fara tsunkulin juna. Wata tsohuwa a gefena ta ce, "Ikon Allah, ashe Turawa ma ful suke ci." Na cusa gefen mayafina a baki. Shi ko gogan ko a jikinsa, ya riga ya yi nisa. Bature yana ta faɗa da wayar tarho, maigidana yana cewa, "Ya ce yanzu haka kogi ya ja baya, ƙasa ta yi laushi, kowa yana dashen albasa, shi yana nan yana ruɓewa a kan kujera."

Baba ya ɗaga hannu ya ce a tsayar. Bature ya daskare da baki buɗe. Dariyata ta ɗauke, don na san zuciyar Baba.

Bai dubi ɗansa ba, akwatin talabijin ɗin ya duba. "A tambayi Baturen nan, shi ba shi da uba ne?"

Maigidana ya sunkuyar da kai. "Ya ce yana da shi."

"To me ya hana shi zuwa ya faɗa masa?"

"Ya ce kunya yake ji. Ya ce ba ya son a yi wa ubansa dariya a gari."

Baba ya daɗe yana murza carbi. Sannan ya ce, "A faɗa masa uban nasa ya tsufa. Gwiwarsa ba ta iya gangara bakin kogi kuma. Shekara biyu ke nan yana so ya ce masa ya dawo gida, shi ma kunyar ce ta hana shi."

Inna ta tashi wai za ta duba tukunya, alhali ba a ɗora komai ba. Aka sake kunna fim, tafinta ya kasa cewa uffan. Ni ma da nake iya Larabcin, ƙwalla ta hana ni ganin rubutun. Har yau ban san yadda Baturen ya ƙare da shugabansa ba.